Rakiyar Mutanen Gidan Mudi

Mu goma sha ɗaya ne a majalisar kansiloli ta ƙaramar hukumarmu: goma 'yan jam'iyya mai mulki, sai ni. Ni ne shugaban marasa rinjaye, ni ne mataimakinsa, ni ne kuma mai tsawatar musu. In zan kira taron 'yan adawa, a kan babur ɗina nake yin sa, tsakanin gida da sakatariya, kuma wallahi ko a nan ba kullum ake watsewa lafiya ba.

Sunana Gwadabe. Malamin gona ne ni kafin in ajiye aiki. Na ƙarar da ƙuruciyata ina yawon ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, ina nuna wa mutane tazarar shukar masara da lokacin feshin auduga, rabinsu suna ji, rabinsu suna cewa kakanninsu ba su je makaranta ba amma ba su kwana da yunwa ba. Siyasa ba ta cikin lissafina. Rigima ce ta ɓarke a jam'iyya mai mulki a mazaɓarmu, mutum biyu suka ƙi janye wa juna, 'yan adawa suka zo suka lallaɓe ni. Ƙauyukan ƙetaren rafi suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, suka tsaya a kan akwati har aka ƙirga a gabansu. Haka na wayi gari ana ce mini Honarabul, ni da ko babbar riga ta kirki ba ni da ita.

Zauren namu ɗaki ne mai faɗi, da dogon tebur lanƙwasasshe, Kakaki a tsakiya, sandar majalisa a gabansa, bencin 'yan kallo can baya kusa da ƙofa. Kujerata tana ƙarshen teburin, jikin taga, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Tsakanina da na kusa da ni akwai kujera guda da ba kowa, a kanta suke tara jakunkuna da huluna in zafi ya yi yawa. Ban taɓa cewa komai a kai ba, amma tana ci mini rai. In an tashi daga zama, su goman sai su nufi ofishin Ciyaman, ana jin dariyarsu da ƙarar cokula har waje. Ni kuwa in tsaya wajen mai shayi a bakin titi, in wuce gida. Gidan ma ba kowa. Matata ta rasu, yara sun watse, wannan a Zariya, wancan a Kaduna.

Da na ga ba ni da kowa sai na kama littafin ƙa'idojin zama, na karance shi har ya zauna mini a ka. Ranar da aka buɗe zama sanda tana kulle, masinja ya tafi ɗaurin aure da makulli, na miƙe na ce wannan hira ce, ba zama ba, sai da aka aika aka nemo shi da shinkafa a bakinsa. Ranar da aka so a ce an karanta kasafin shekara alhali ko buɗe shi ba a yi ba, na sa akawu ya bi shi layi-layi har la'asar, Alhaji Ɗanasabe, shugaban masu rinjaye, yana gyangyaɗi yana farkawa yana harara ta. Ni na tsaya kai da fata sai an riƙa barin ƙofar zauren a buɗe, don ƙa'ida ta ce zaman na jama'a ne, ko da yake ba mai zuwa sai kaji. Tun daga nan suka laƙaba mini suna, Honarabul Ƙa'ida. Ina ɗaga hannu za ka ji ana cewa, "To fa, ga ta nan!" Ba zan ɓoye ba, wani lokacin abin yana yi mini daɗi. Mutum goma su zauna dole suna jiran ka gama magana, akwai ɗan daɗi a ciki.

Amma akwai ƙa'ida guda da ba ta taɓa yi mini rana ba. Duk ƙudirin da ɗan majalisa ya kawo, ba a tattauna shi sai wani ɗan majalisar ya miƙe ya ce ya goya baya. Ba sai ya yarda da kai ba ma, ya dai miƙe ya buɗe baki. In ba a samu ba, ƙudiri ya faɗi tun bai tsaya ba. Na kawo na rabon taki, na kawo na rufin makarantar da iska ta yaye, na kawo na burtalin da gonaki suka cinye har Fulani suka rasa ta inda za su bi da shanu. Kowanne in na gama, Kakaki Alhaji Murtala zai gyara tabarau ya ce, "Akwai mai goyon baya?" Sai ɗaki ya yi tsit. Wannan ya duba wayarsa, wancan ya tsura wa rufi ido kamar yau ya fara ganinsa. Ni kuwa ina tsaye. Ba a zama sai Kakaki ya yanke, don haka a tsaye kake shan shirun nan, kowa yana jin numfashinka. Na yi jinya, na yi zaman makoki, na saba cin tuwo ni kaɗai, amma kaɗaici irin na tsayuwar nan ban san shi a ko'ina ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Rafin Ɗinya. Da rani ba ka ce rafi ne ba, yashi ne kawai, babur na wucewa, jakai na birgima. Ruwa na zama kuwa sai ya cika ya batse, ya yanke ƙauyukan ƙetare daga titi, daga kasuwa, daga asibiti. Babban ƙauyen can shi ne Gidan Mudi. Manoma ne na gaske, wasu sun musulunta, wasu na zuwa coci, tsofaffin kuwa na nan kan al'adar kakanninsu, kuma duk gayya ɗaya suke yi. Daminar bara rafin ya tafi da amalanken Mudi, mai unguwarsu, har da shanun huɗarsa. Bayan nan matar ɗansa ta yini tana naƙuda a bakin gaɓa, motar da za ta kai ta asibiti tana wannan ƙetaren, ana kallon juna. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Abin haushin, maganin ba shi da nisa. Manyan bututun kwalbati da suka ragu daga aikin wata hanya suna jibge a bayan sakatariya, awaki na kwana a ciki. Injiniyan ayyuka ya gaya mini da bakinsa, in majalisa ta tura maganar ga kwamitin ayyuka, zai iya dasa su kafin ruwa ya zauna. Zama ɗaya ya rage mana kafin hutun damina. In ƙudirin ya faɗi a ranar, ƙa'ida ta hana a sake kawo shi sai an dawo hutu, bayan kaka. Mutum ɗaya tak nake nema, ya miƙe ya ce ya goya baya.

Sai na tafi Funtua wajen Alhaji Shitu. Kansila ne na mazaɓar da ke maƙwabtaka da tawa, ɗan jam'iyya mai mulki, amma aji ɗaya muka zauna a makarantar kwana a Malumfashi, kwano ɗaya muka ci gabza. Na same shi a rumfarsa ta kasuwar hatsi, yana zaune kan buhun masara ana yi masa awo.

"Ƙa'ida da kanka?" in ji shi. "Allah Ya sa ba laifi muka yi ba."

"Laifinku ai ya fi ƙarfin rumfar nan. Roƙo na zo."

Ya sallami masu awo, ya ja ni can ciki bayan buhuna inda ba mai ganinmu. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana juya ƙwayar masara a tafin hannunsa.

"Gwadabe, ka san masarar Gidan Mudi ni nake saye. Bara lokacin da hatsi ya yi tsada, tasu tana rumbu ƙwari na ci, ba hanyar fito da ita. Kwalbatin nan ni ma ina so. Zan tashi."

Na ji kamar in rungume shi.

"Tsaya tukuna, da sharaɗi. Zaɓen fid da gwani na tafe, Ɗanasabe kuwa ido ya sa mini, jira yake in yi tuntuɓe ya kai ni gaban Ciyaman. In aka yi abin shiru, maganar kwalbati ce, in ce abokan cinikina ne suka matsa mini, a wuce wurin. In ka tara mini jama'a, ta zama gangamin adawa, ni kuma na zama wanda ya sauya sheƙa. Kada ka zo da kowa. Sunana kuma kada ya fita daga bakinka, ko da matashin kanka ne ya tambaye ka."

"Wa nake da shi da zan zo da shi, Shitu?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, tawa dai ba ta kai ciki ba.

Labari ba ya ɓuya a wajenmu. Ba a jima ba Mudi ya aiko cewa sun ji za a yi maganar rafinsu. Na tafi da kaina don in tare abin. Bazara ce, ana ta sharar gona, hayaƙin kara na tashi ko'ina. Na tarar da su a gindin tsamiyar ƙofar gida, Mudi da dattawa, da mahaifiyarsa Tsohuwa. Sunanta ke nan tun tana jaririya, yanzu kuwa ta cim ma sunan: ba wanda ya girme ta a duk ƙetaren, kuma ba a yanke magana sai ta sa baki. Tun ina saurayin malamin gona take dama mini fura, kuma har yau ba ta taɓa ce mini Honarabul ba.

Na gaya musu ranar, na gaya musu akwai alamar nasara, sannan na ce, "Amma don Allah kada kowa ya zo. Ku zauna ku yi shararku, ni kaɗai na isa."

"To, Malam," in ji Mudi.

Tsohuwa ta ƙura mini ido. "Malamin gona, a can ɗin su wa ke gefenka?"

"Ba kowa, Iya."

"Ko mutum ɗaya?"

Sunan Shitu ya zo mini har leɓe, na haɗiye shi. "Allah na nan."

"Wannan ai kowa na da Shi. Mutum nake tambaya."

Na sake maimaitawa, da ƙarfi wannan karon, har da ɗaga yatsa: kada a zo. Duk suka amsa da to. Na sha furata na taho hankalina kwance.

A ƙasarmu, in mutum zai je gaban hakimi ko alƙali saboda kai, ba ka barinsa ya tafi shi kaɗai. Abin kunya ne da za a riƙa yi wa jikokinka gori. Shi kuma wanda za a raka, dole ya ce a'a, ku zauna, kada ku wahalar da kanku. Kara ke nan. Kai kuma ka ce to, gari na wayewa ka ɗaura ɗamara ka bi shi. Iyakar yadda ya dage wajen ƙi, iyakar yadda mutuncinsa ke ƙaruwa a idonka. Duk ƙarfin da na sa a maganata a gindin tsamiyar nan, su kara suka ji.

Ranar zaman na sa farar rigata ta Juma'a. Aka buɗe da addu'a, akawu ya karanta abin da aka yi a zaman baya, bencin 'yan kallo ba kowa. Shitu ya shigo bai ko dube ni ba, yadda muka shirya. Ana cikin maganar rumfunan kasuwa sai na ji motar kurkura ta tsaya a waje, wata ta biyo bayanta. Na leƙa ta tagar da ke jikina.

Su ne. Maza da rigunan cin kasuwa, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Mudi ya sauko da Tsohuwa a hankali. Suka tuɓe takalma suka jera a bakin ƙofa, suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, kowa na rusunawa yana gaida Kakaki. Benci ya cika, saura suka zauna a ƙasa, waɗanda suka rasa wuri suka tsaya a baranda suna leƙe. Mai gadi ya dubi Kakaki, Kakaki ya dube ni ta saman tabarau.

"Ƙofa dai a buɗe take, ko ba haka ba, Honarabul Ƙa'ida?"

Aka yi dariya. Tsohuwa ta hango ni can ƙarshen tebur, ta dubi kujerar hulunan da ke kusa da ni, ta girgiza kai. Na saci kallon Shitu. Fuskarsa ta koma kamar an aiko masa da rasuwa. Na yi tunanin in janye ƙudirin, amma janyewa da faɗuwa duk ɗaya ne, ba wani zama kafin ruwa.

Da aka kira ni na miƙe. Na yi niyyar in wanke maganar tas, kada a ji ko ƙanshin jam'iyya a jikinta.

"Mai girma Kakaki, abokan aikina, yau ban zo da ƙorafi ba. Bututun nan na bayan ofishin nan, kowa a cikinmu ya wuce su da safen nan. Ba sabon aiki nake roƙo ba, ba kwangila ba. A ɗauke su daga inda awaki ke kwana, a kai su inda mutane ke rasa rai. In an dasa, a rubuta sunan wanda aka ga dama a jiki. A ce Ciyaman ne, a ce majalisa ce. Ni ko ranar buɗewa ba sai an gayyace ni ba."

Na faɗi yawan gonakin da ke ƙetare, na faɗi masara da waken suya da audugar da ke fitowa daga can zuwa kasuwannin da dukanmu muke ci. Na faɗi maganar shanun huɗa. Da na zo kan matar da ta yini a bakin gaɓa ban kama suna ba, amma na hango ta can baya cikin mata, ta sunkuyar da kai. Wallahi tun da na shiga majalisar nan ban taɓa magana irin ta ranar ba. Har mai tsawatarwar masu rinjaye, wanda aikinsa a kullum shi ne tari in ina magana, ya manta bai yi ba.

Kakaki ya gyara tabarau. "Akwai mai goyon baya?"

Ɗaki ya yi tsit. Shitu ya tattara hannun babbar rigarsa ya aza a kafaɗa, ya dafa tebur. Duk wanda ya san Shitu ya san haka yake yi in zai tashi. Sai ya tsaya. Ya dubi jama'ar da ke ƙasa, ya dubi Ɗanasabe, ya sake duban jama'a. Na ga gwiwarsa ta motsa. Har gobe na yi imani da an ƙara masa ɗan lokaci kaɗan, da ya tashi. Amma shirun ya yi tsawo. Mu mun saba da shi, baƙi ba su saba ba.

Kunnen Tsohuwa ya yi nauyi, don haka raɗarta ma kowa na ji.

"Mudi, me ake jira?"

"Wanda zai goya masa baya, Iya."

"Duk cikinsu ba mai goya masa?"

Ta dafa sandarta, ta miƙe da ƙyar, ta tsaya.

"To ni na goya masa baya. Ni Tsohuwa ta Gidan Mudi."

Mudi ya miƙe. Dattawa suka miƙe, mata da goyonsu suka miƙe, na baranda suka turo kai ta taga. "Mun goya! Mun goya masa!" Wata ta rangaɗa guɗa har sai da fanka ta zama ba a jin ta.

Na juya na gan su a tsaye. Shekaru ina jiran mutum ɗaya ya tashi saboda ni, yau ga ɗaki guda. Hawaye ya cika mini ido, ba zan yi ƙarya ba, daɗi ya kama ni. Kuma a cikin daɗin nan na san an gama.

Ɗanasabe ya buga tebur ya miƙe. "Mai girma Kakaki, nan majalisa ce ko filin kamfen? An kwaso mana jama'a a mota don a tsorata mu! To mu gani. Duk wanda ya tashi yanzu, mun san inda ya dosa!"

Ba ni yake kallo ba da yake faɗin haka. Shitu ya sauke hannun rigarsa daga kafaɗa, ya jingina da kujera, ya ciro waya.

Kakaki ya yi ta buga guduma har aka yi shiru. Ban ga laifinsa ba, da ladabi ya yi magana. Ya ce, "Iya, a yi haƙuri, a nan 'yan majalisa kaɗai ke magana. A ɗan jira mu a waje." Suka fita yadda suka shigo, suna rusunawa, fuskokinsu fes, kamar waɗanda suka gama gayya da wuri. A bakin ƙofa Tsohuwa ta waiwayo.

"An dai ji mu ko?"

"An ji, Iya," in ji Kakaki.

Da ɗaki ya koma namu, ya sake tambaya ko akwai mai goyon baya. Ba wanda ya motsa.

"Ƙudiri ya faɗi. Ba za a sake kawo shi ba sai an dawo hutu. Honarabul Gwadabe, kai ne masanin littafi. Akwai kuskure?"

Wannan karon ba zolaya a muryarsa, kamar ma so yake in samo wani abu. Na laluba littafin nan a kaina daga farko har ƙarshe, ina neman ko da 'yar kafa. Ban samu ba.

"Babu kuskure, mai girma Kakaki."

Bayan an tashi, Shitu ya tare ni a lungun bayan ofishin akawu.

"Me na ce maka, Gwadabe?"

"Wallahi na hana su."

"Na sani, na ga fuskarka." Ya waiga ya ga ba kowa. "Bayan kaka zaɓen fid da gwani ya wuce. In na tsira, zan tashi. Amma in na sake ganin ko takalmi ɗaya a ƙofar nan, ka manta da ni." Ya wuce ofishin Ciyaman da sauri.

Mutanen Gidan Mudi suna gindin darbejiyar filin sakatariya, an shimfiɗa wa Tsohuwa zane a ƙasa, ana rabon ƙosai. Samari na ta kwaikwayon yadda Ɗanasabe ya buga tebur, ana dariya. Da suka hango ni aka ɗauki tafi, "Sai Malam! Sai malamin gona!" Mudi kaɗai bai tafa ba, ya riga ya karanta fuskata.

"Yaushe za a kai bututun?" in ji Tsohuwa.

"Ba a karɓa ba, Iya. Maganar ta faɗi."

Tafin ya mutu.

"Duk tashin da muka yi?"

"Naku ba ya shiga. Sai na ɗan majalisa."

Ta buga sanda a ƙasa. "To mun yi kaɗan ne. Mudi, wani zaman a aika Gidan Ayuba, a aika Unguwar Iliya, har Fulanin ruga a gaya musu. Mu cika filin nan, mu ga wanda zai ce bai gan mu ba. Ba za a ƙara tsayar da shi shi kaɗai kamar maraya ba."

Jama'a suka amsa, har an fara lissafa masu kurkurar da za a nema. Kai, da na bar ta a haka, da na fi kowa jin daɗi. Na durƙusa a gabanta, na matsa kusa da kunnenta.

"Iya, akwai wanda ya yi mini alkawarin zai tashi. A cikinsu yake. Sharaɗinsa kada ya ga kowa. Har ya fara tashi."

Ta dube ni. "Sai muka tashi."

"E."

"Da ba mu zo ba fa?"

"Da yanzu ranar kai bututu ake sawa."

Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba, kuma ban gama ba. Na ce, "Wallahi tun da nake, ba wanda ya taɓa yi mini abin da kuka yi mini yau. Amma akwai sauran dama bayan kaka, kuma in kuna son kwalbatin nan, kada ku ƙara zuwa. Kada a ƙara ganinku tare da ni a nan. Ba kara nake yi ba, Iya."

Wani yaro a bayan uwarsa ya fara kuka, aka jijjiga shi. Tsohuwa ta daɗe tana kallon hannayenta. Da ta ɗago, ba da ni ta yi magana ba.

"Mudi, ruwa ya kusa. Duk mai ciki a ƙetaro da ita wajen dangi tun rafi bai kawo ba. Ka fara da matar ɗanka."

Sai a lokacin na lura da yadda matar ɗan nasa ta ɗaura zanenta a saman ciki.

Tsohuwa ta miƙo hannu a tashe ta. Na kai nawa, sai ta ba Mudi. Da ta tsaya ta dubi ginin sakatariya. Kansiloli sun cika tagar ofishin Ciyaman suna leƙenmu, wasu da kwano a hannu.

"Ku hau mota," in ji ta. "Kada wanda ya yi masa sallama, kada wanda ya ɗaga masa hannu. Ana kallo."

Suka bi maganarta, har yara. Aka naɗe zanen, aka ɗora ta a gaba, saura suka cika baya. Motocin suka fita ƙofar sakatariya cike da mutanen da suka zaɓe ni, kowa ya ba ni ƙeya. Na tsaya a wurin har suka sha kwana, hannuna a cikin aljihu don kada ya ɗagu da kansa.